Sai an gwada akan san na ƙwarai: abin da ke faruwa a labo cikin kwana ukun da ake cewa a jira

Akwai wata tambaya da ke yawan dawo mana duk lokacin da muka buɗe layin waya a shirinmu na kiwon lafiya a gidan radiyo, kuma galibi daga bakin iyayenmu mata take fitowa. Tambayar kuwa ita ce, me ya sa maganin da a da in an sha kwana biyu sai a ji garau, yanzu ko an shanye kati guda ba ya yin komai? Wasu na cewa magungunan zamani ne babu albarka, wasu na cewa jabu ne, wasu kuma na ganin jikinsu ne ya saba da shi.

Amma wadda ta sa muka ɗauki alƙalami a yau wata baiwar Allah ce mai sayar da kayan miya, ƴar ƙasar Falanko a gundumar Tanut, wadda ke cin kasuwannin Damargu tun daga na kusa da gida har Bakin Birji da Belbeji. Ita ba tambaya ta kira ta yi ba, ƙara ta kawo. Ta ce wata huɗu tana fama da zafin fitsari da ciwon mara, abin da mata ke tara shi duka su kira ciwon sanyi. Ta fara da tupaye, kafson nan ja da ɗorawa da ake saye ɗai-ɗai a kan tire. Daga nan ta koma Bactrim, sannan amosisilin, sannan wani mai akwaku ya ba ta sipuro ya ce shi ne ƙarshen zance. Ko wane ta sha sai abin ya lafa sati ɗaya ya dawo. Da zazzaɓi ya kayar da ita har da ciwon ƙugu, sai aka ɗauke ta zuwa likita, daga can aka tura ta gaba, har ta kai wani babban asibiti a birni. Can aka ba ta ƴar kwalba aka ce ta kawo fitsari, ta biya kuɗin awo, aka rubuta mata wani magani na riƙon ƙwarya, sannan aka ce ta dawo bayan kwana uku. Wannan kwana ukun ne ya ɓata mata rai. Ta ce awon masassarar cizon sauro minti goma sha biyar ne a garinsu, to wane irin awo ne wannan da zai sa ta rasa kasuwa guda, ga kuɗin abinci, ga zaman gidan mutane? Ko dai wayon cin kuɗi ne?

To Hajiya, ba wayo ba ne. Wannan awo shi ake kira antibiyogiram, kuma a ganinmu duk cikin takardun da aka ba ki a wannan tafiya babu wadda ta kai shi daraja. Bari mu bi kwanakin nan uku ɗaya bayan ɗaya.

Ranar farko: shuka

Da farko ya kamata a san cewa ƙwayoyin da ke sa cuta ba dangi ɗaya ba ne. Akwai bakteriya, akwai birus, akwai kuma irin ƙwayar da sauro ke zubawa a jini. Magungunan da muke magana a kansu, wato antibiyotik, irin su tupaye da Bactrim da amosisilin da sipuro, bakteriya suke kashewa, ba birus ba. Mura da mafi yawan tarin hunturu birus ke kawo su, don haka mai shan kafso saboda mura kamar mai zuba maganin gara ne don ya kori ɓera.

Bakteriya halitta ce mai rai, tana ci, tana hayayyafa. Wadda ta fi haddasa ciwon fitsari ana kiranta Escherichia coli, a cikin hanjin kowa take zaune lafiya lau, sai ta ɓace hanya ta shiga mafitsara take zama fitina. In ta samu abinci da ɗumi, ɗaya kan rabe biyu cikin kamar minti 20. Wannan saurin haihuwa nata shi ma'aikatan labo ke amfani da shi. Tunda ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya, sai su shuka ta, kamar yadda manomin Damargu kan gwada irin gero kafin damina, ya ɗebi kaɗan ya sa a jiƙaƙƙen tsumma ya ga nawa zai tsira.

Gonarsu wani ɗan faranti ne na roba ko gilashi mai murfi, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, wanda wani Bajamushe mai suna Julius Petri ya ƙirƙiro a 1887. A cikinsa akwai abincin ƙwayoyin, wani abu mai santsi da ya daskare kamar kunun kanwa da ya kwana. Ma'aikaci zai ɗebi ɗigon fitsari da wata ƴar waya mai zobe a kai, ya shafa a kan abincin, ya rufe, ya sa a cikin wani akwati mai riƙe ɗumi daidai da na jikin mutum. Haka nan zai duba wani kaso a madubin likita, ya ga ko akwai ruwan ƙwayoyin jini masu nuna cewa jiki na yaƙi. Daga nan babu abin da ya rage sai jira, awa 18 zuwa 24. Ba a iya yi wa shuka gaggawa, ko nawa mutum zai biya.

Rana ta biyu: sanin sunan ɓarawo

Washegari in an buɗe akwatin, sai a tarar farantin ya fito da ƴan ɗige-ɗige, ko wane ɗigo gari ne guda na miliyoyin ƙwayoyi da suka fito daga uwa ɗaya. Ma'aikaci zai ƙidaya yawansu, ya dubi launinsu, ya rina su da wani rini da wani likita ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Gram, ya gano a 1884, wanda ke raba bakteriya gida biyu, masu ɗaukar shuɗi da masu ɗaukar ja-ja. Sai ya ƙara wasu gwaje-gwaje har ya san sunanta.

Sai a zo kan asalin aikin. Zai ɗebi ƙwayoyin ya dama su a ruwan gishiri, kuma damun yana da ma'auni, kada ya yi kauri kada ya yi ruwa. Ya shafe fuskar wani sabon faranti da shi kaf, ba ya barin ko kusurwa. Abincin wannan faranti na musamman ne, ana ce masa Mueller-Hinton, kuma zurfinsa milimita 4 ne, ba ƙari ba ragi. Daga nan sai ya ɗauko wasu ƴan takardu masu zagaye, ko wace faɗinta milimita 6, ba ta kai maɓallin riga ba. Ko wace takarda an jiƙa ta da magani iri ɗaya, da adadin da aka sani: wannan amosisilin, waccan Bactrim, waccan sipuro, waccan jantamisin, waccan seftiriyazon. Ya jera su a kan farantin da tazara, ya rufe, ya mayar cikin akwati a kan ɗumi na digiri 35. A sake kwana.

Cikin daren nan abu biyu ke faruwa a lokaci guda. Ƙwayoyin na ta hayayyafa suna rufe farantin, shi kuma maganin yana naso daga takardar yana bazuwa kewaye da ita, ƙarfinsa na raguwa gwargwadon nisa.

Rana ta uku: awo

Duk wanda ya taɓa shiga gonar gero ya san gidan tururuwa. Shuka ta rufe ko'ina, amma kewaye da ramin akwai fili fetal, zagaye, babu ko ciyawa. Haka farantin ke wayewa. Takardar da maganinta ya fi ƙarfin ƙwayar, za a ga fili garau kewaye da ita. Wadda kuwa ƙwayar ta raina, za a ga ta yi tsiro har jikin takardar, kamar ma taki aka zuba mata.

Sai dai ba a yanke hukunci da ido, kamar yadda ba a sayen hatsi da ido sai da tiya. Ma'aikaci zai sa ma'auni ya auna faɗin ko wane fili da milimita, ya kwatanta da wani jadawali da masana ke sabuntawa ko wace shekara. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci, galibi jadawalin kwamitin ƙungiyar masana ƙwayoyin cuta ta Faransa ake bi, wanda ya yi daidai da na Turai mai suna EUCAST. Alal misali, ga sipuro a kan Escherichia coli, in filin ya kai milimita 25 ko fiye, maganin na ci. In bai kai 22 ba, ba ya ci. Ku duba fa, milimita 3 kacal, kaurin ƙwayar gero, shi ke raba maganin da zai warkar da wanda zai cinye kuɗi a banza. Kuma ko wane magani da nasa lissafin, saboda haka wanda filinsa ya fi faɗi ba lalle shi ne ya fi dacewa ba.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wasu likitocin Amurka, William Kirby da Alfred Bauer, su da abokan aikinsu suka daidaita ta a 1966, kuma har gobe ita ce aka fi amfani da ita a ƙasashenmu don ta fi araha.

A kan takardar sakamako za ku ga sunan ƙwayar a sama, sai jerin magunguna, a gaban ko wane da harafi ɗaya. Harafin S na nufin magani na ci. Harafin R na nufin ƙwayar ta gagari maganin. Harafin I kuwa, tun daga 2019 ma'anarsa ita ce maganin zai iya ci amma sai an ƙara yawansa ko yawan shansa, abin da likita kaɗai zai tsara. In an ga an rubuta BLSE, to ƙwayar tana fitar da wani sinadari ne mai narkar da amosisilin da danginsa har da seftiriyazon, allurar nan da asibitocinmu suka dogara da ita. Sunan awon fitsarin a takarda ECBU. Akan yi irinsa da jini, da mugunya, da kashi, da ruwan ƙashin baya. Na jini kan fi daɗewa, yakan kai kwana biyar zuwa bakwai kafin a tabbatar babu komai.

Wani gargaɗi a nan. Kada mai karatu ya karɓi takarda ya ga S, ya zarce farmasi da kansa. Akwai maganin da ke ci a faranti amma ba ya isa ƙoda, akwai wanda bai dace da mai ciki ba, akwai wanda ba a ba yaro. Tupaye kansa yana ɓata haƙoran ƙananan yara, kuma ba a ba mai juna biyu.

Ba jikinki ne ya saba ba

Yanzu mu koma ga tambayar farko. Ba jikin mutum ke sabawa da magani ba, ƙwayar ce ke gagara. A cikin miliyoyin ƙwayoyi akan samu ƴan tsiraru masu taurin kai. In aka sha magani, masu rauni su mutu, masu taurin kan su samu fili su cika gida. Abin da ya fi ban tsoro shi ne bakteriya na miƙa wa juna wannan sirri, har ga waɗanda ba danginsu ba, kamar yadda labarin farashi ke zagaya kasuwa kafin azahar. Kuma ƙwayar da ta gagara ba ta zama a jikin mai ita. Tana bin hannu, da buta, da ruwan rijiya, da kwanon abinci. Don haka jaririn da bai taɓa haɗiyar kafso ba yana iya kamuwa da ƙwayar da ta gagari magani huɗu.

Shi kansa Alexander Fleming, mutumin Birtaniya da ya gano fenisilin a 1928, ya ja kunne a kan haka a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, inda ya nuna tsoron ranar da kowa zai iya sayen maganin a kanti ya sha ƙasa da ƙima, ya koya wa ƙwayar jurewa. Da zai ga tiren mai akwaku a rana tsaka a kasuwar ƙauye, ana ɓallo kafso biyu daga kati ana miƙa wa mai ciwon kai, da ya san maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba. A Maraɗi, cibiyar bincike ta Epicentre, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar likitocin MSF, ta bi yara 311 masu tamowa mai tsanani da aka kwantar a asibiti tsakanin 2007 da 2008. An samu bakteriya a jinin kashi 17 cikin 100 nasu, kuma da aka yi antibiyogiram sai aka ga mafi yawan ƙwayoyin dangin na hanji sun gagari amosisilin da Bactrim, wato magunguna biyun da suka fi yawa a hannun jama'a. Wani binciken kuma da aka buga a 2011 a kan yara 55 a can Maraɗin ya nuna kashi 31 cikin 100 sun zo daga gida ɗauke da ƙwaya mai BLSE a hanjinsu, sannan a cikin waɗanda suka zo babu ita aka sake auna su, kashi 94 cikin 100 sun fita da ita. Wannan fa maganar shekaru fiye da goma sha biyar ce.

A duniya baki ɗaya, wani babban lissafi da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka gagari magani. Kuma yankin da abin ya fi tsanani in an kwatanta da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma, da mutum 27 cikin ko wane dubu 100.

Inda faranti ya canza magani

Don kada a ɗauka aikin labo ƙidayar gawa ce kawai, ga inda ya yi rana. Cutar mashaƙo da ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ta kuma addabi jihar Damagaram a 2023, musamman wajen Matamai, an daɗe ana maganinta da fenisilin. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta shuka ƙwayoyin da aka ɗebo daga maƙogwaron marasa lafiya, sai ta ga fenisilin ba ya cin su yadda aka saba, amma eritiromisin na ci. Aka karkata ga eritiromisin da ɗan'uwansa azitiromisin, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta fifita su a kan fenisilin. Da babu wanda ya zauna ya auna fili da milimita, da an ci gaba da yi wa yara allurar da ba ta isar da saƙo.

Haka nan tarin fuka. Ƙwayarsa mai nawa ce, shukarta na ɗaukar makonni, amma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata na'ura mai suna GeneXpert wadda cikin kamar awa biyu take nuna ko akwai ƙwayar a majina, da kuma ko ta gagari rifamfisin, babban maganin cutar. A nan Nijar ta yi abin a yaba. Tun 2008, tare da ƙungiyar Action Damien, aka fara gwada gajeren tsarin magani na shekara ɗaya ga masu tarin da ya gagara, a lokacin da sauran duniya ke ba da na kusan shekara biyu. A rukunin farko na mutum 65, mutum 58 suka warke, kuma sakamakon Nijar na cikin hujjojin da suka sa hukumar ta amince da gajeren tsarin a 2016.

Sai kuma taifod, wadda kusan kowa a kasuwa ya taɓa cewa an auna shi an same ta. Awon Widal da aka fi yi, ban da yawan kuskurensa, ba ya faɗin maganin da zai ci. Shukar jini ce ke yin wannan. Likitocin tiyata na asibitin ƙasa na Damagaram sun sha rubutu a kan yaran da ake kawo musu hanji ya huje saboda taifod da ba a yi mata maganin kirki da wuri ba. A ƙasar Pakistan kuwa, tun 2016 wata taifod ta ɓulla a lardin Sindh wadda ta gagari kusan dukan magungunan da aka saba, har da sipuro da seftiriyazon. Da yadda mutane ke zirga-zirga a yau, Pakistan ba nisa gare ta ba.

Me ya sa babu shi a Falanko?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Likitar ƙauye, wato CSI, tana da awon masassara na minti goma sha biyar, amma ba ta shuka ƙwayoyi. Majo yana aiki ne da alamomin da ya gani da littafin ƙa'idar da ma'aikatar lafiya ta ba shi, kuma sau da yawa hakan na isa, ba ko wane ciwo ke bukatar antibiyogiram ba. Amma in ciwo ya ƙi jin magani, sai an dangana da babban asibiti irin na Damagaram, ko Yamai inda cibiyar CERMES take, wadda ake aika wa ruwan ƙashin baya lokacin sanƙarau. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne a kan hanyar Agadas, ban da wahalar da mutumin Falanko zai sha kafin ya hau kwalta.

Dalilin rashin ba boyayye ba ne. Akwatin ɗumi na son lantarki dare da rana ba yankewa, kuma a bazarar Damargu da zafi ke haura digiri 40, riƙe shi a kan 35 ma aiki ne. Ƴan takardun magani sai a firiji, in zafi ya taɓa su sai su yi ƙarya, su nuna R inda ya kamata a ga S. Ga tukunyar kashe ƙwayoyi, ga ruwa mai tsabta, ga uwa uba ma'aikacin da ya ƙware. Wani bincike da hukumar Africa CDC da abokan aikinta suka fitar a 2022 a kan ƙasashen Afirka 14, har da Najeriya da Burkina Faso, ya nuna cewa a cikin labo kusan dubu 50, kashi 1.3 cikin 100 ne kawai ke aikin bakteriya. Nijar ba ta cikin ƙasashen da aka ƙidaya, amma duk wanda ya taɓa rakiyar marar lafiya daga ƙauye ya san hoton bai bambanta da namu ba.

Akwai ƴar bushara. Gidauniyar MSF ta ƙirƙiro wata manhajar wayar salula mai suna Antibiogo, wadda ake ɗaukar hoton farantin da ita, ta auna filayen ta taimaka wajen fassara su. Ta samu shaidar inganci ta Turai a 2022, an kuma yi aiki da ita a Kuciyala ta ƙasar Mali. Sai dai waya ba ta shuka, sai an samu farantin tukuna. Ta fuskar kuɗi kuma, a 2024 gwamnati ta ba da sanarwar rage rabin kuɗin awon labo a asibitocin gwamnati. A ganinmu abin da ya rage shi ne a kawo aikin kusa, ko da asibitin gunduma ne, ko kuma a tsara motar da za ta riƙa ɗaukar samfur cikin sanyi a ranakun da aka sani, a aiko sakamako ta waya. Wannan magana ce da ya kamata shugabannin ƴan kasuwa da ƙungiyoyin mata su riƙa ɗagawa duk lokacin da manya suka zo rangadi, don mace mai talla ita ke biyan kuɗin nisan nan.

Kafin a kai ga haka

Abin da ya fi ɓata wannan awo shi ne shan magani kafin a ba da samfur. In kafso ya riga ya dake ƙwayar, sai ta ƙi tsira a faranti, takarda ta fito babu komai alhali ciwo na nan. Saboda haka in an riga an sha, a faɗi gaskiya, a ɗauki fankon katin a nuna wa likita, a faɗi ranar da aka daina. Ba zai kai ki kotu ba, taimaka masa kika yi. Fitsarin kuma ba a ɗebo shi daga gida a kwalbar turare a biyo motar kasuwa da shi. A kwalbar labo ake yi, bayan an yi tsarki da sabulu, a bar na farko ya zuba a tari na tsakiya, a miƙa shi kafin awa biyu. In ya daɗe cikin zafi, ƙwayoyin waje sai su cika shi su rikita lissafi. In tafiya gida ta zama dole kafin sakamako, a bar lambar waya, ko a wakilta ɗan'uwa ya karɓo ya kai wa likitan da ya rubuta awon. Takardu da yawa na kwana a labo babu mai zuwa ɗauka, an biya kuɗin shuka an bar girbi.

Ga ƴan'uwanmu masu sayar da magani a tire kuwa, mun san neman halali ne ya fito da ku, kuma mun san a ƙauyuka da dama ku ne kusa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017 ta kasa antibiyotik gida uku, kamar yadda magidanci ke kasa hatsinsa. Akwai na ci yau da kullum, irin su amosisilin da Bactrim. Akwai na taka-tsantsan, irin su sipuro da seftiriyazon da azitiromisin. Akwai kuma na rumbun tsimi, wanda ba a buɗewa sai babu makawa. Wanda ke ɓallo sipuro yana ba mai mura, rumbun gari yake fasawa da kaka. Ita dai wannan hukuma a shekarar ta ƙiyasta cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe irin namu ko jabu ne ko ba shi da inganci, kuma wanda ya wuni a rana a kan tire ba sai an faɗa ba. Haka ma makiyaya da masu kiwon turka da ke yi wa dabba allurar tetirasikilin da kansu: a jikin kwalbar akwai kwanakin da aka ce a jira kafin a sha nonon ko a yanka, mai sayen nono da mahauci suna da haƙƙin tambaya.

Ita kuwa Hajiyarmu ta Falanko, mun roƙe ta a kan layi ta daure ta cika kwana ukun, ta kuwa daure. Bayan sati biyu ta sake kira, ɗanta ɗan lakwal ya karanta mana takardar harafi-harafi. Amosisilin R, Bactrim R, sipuro R, tetirasikilin R. Duk abin da ta kashe wa kuɗi wata huɗu, babu ɗaya da ke taɓa ƙwayar. Can ƙasa aka samu biyu masu S, likita ya zaɓi ɗaya, allura ce, aka yi mata kwanakin da ya rubuta. Ta ce ta koma kasuwa, takardar kuma ta naɗe ta a leda ta sa a ƙasan adaka tare da katin zaɓe, don majo ya ce duk ranar da ciwon ya motsa ta zo masa da ita.